Kiwon Tsohuwar Mota a Mancesta da Bamingam

Wajen shekarar 1903, wani injiniya mai suna Henry Royce, wanda yake da 'yar masana'antar kayan lantarki a titin Cooke da ke unguwar Hulme cikin birnin Mancesta, ya sayi wata ƙaramar mota ƙirar Faransa da ake kira Decauville, wadda wani ya riga ya mora kafin ta faɗo hannunsa. Da ya hau ta ya ga ba ta kwanta masa a rai ba, maimakon ya nemi wanda zai lafta wa ita ya huta, sai ya shiga kwance ta yana ɗaurawa, yana nazarin kowane ƙarfe da ke cikinta, yana gyara abin da ya ga maƙeranta sun yi sakaci da shi, har ya kai ga ƙudurta cewa shi da kansa zai ƙera wadda ta fi ta. Ranar 4 ga watan Mayu na 1904 aka sada shi da Charles Rolls a otal ɗin Midland, wanda har yau yana nan tsaye a tsakiyar birnin, daga wannan zama kuwa aka sami Rolls-Royce, motar da sarakuna da attajiran duniya suka mayar alamar ƙasaita. Ashe ke nan tushen wannan babban suna mutum guda ne da ya sayi motar hannu ta wata ƙasa, ya kuma yarda ya ɓata tafinsa da baƙin mai.

Na kawo wannan ne domin ya zama mabuɗi ga wata mas'ala da ta fara shigowa cikin hirar 'yan'uwanmu mazauna Ingila, musamman waɗanda Allah ya yi wa buɗi bayan sun daɗe suna aikin asibiti ko koyarwa ko kasuwanci a Mancesta da Bamingam, wato sha'awar sayen tsohuwar mota irin ta tarihi, a ɗauko ta daga Faransa ko Jamus ko Amurka, wani lokaci ma daga gida, a ajiye ta don marmari. Wanda ya tashi ya ga mahaifinsa yana goge Fijo 504 da tsumma kowace safiya kafin ya tafi ofis, ko ya ga Alhajin unguwarsu yana fitowa sallar Idi cikin Marsandi ana kai masa gaisuwa ta taga, ko ya sha labarin Landirobar da ake rangadin ƙauyuka da ita zamanin En'e, ba abin mamaki ba ne idan furfura ta riske shi a baƙuwar ƙasa, aljihunsa kuma ya ɗan yi nauyi, zuciyarsa ta riƙa raya masa ya mallaki abin da ya buɗe ido ya gani. Hulɗarmu da waɗannan birane biyu ma ba ta yau ba ce, domin a Mancesta aka kafa ƙungiyar auduga da muka sani da Bisije a 1902, wadda ta riƙa sayen audugar ƙasar Zazzau da Katsina, daga Bamingam kuma kekunan Hercules da BSA suka fito, waɗanda malaman makaranta da akawuna suka hau tun mota tana ta Bature da Sarki.

Mutane sun rabu biyu a kan al'amarin. Waɗansu suna cewa wannan israfi ne tsantsa, don me mutum zai zuba dubban fam a kan ƙarfen da ya girmi 'ya'yansa alhali dangi suna gida suna fama da kuɗin makaranta da na asibiti. Waɗansu kuwa suna cewa dukiyarsa ce, guminsa ne, ya yi abin da ya ga dama. Ni dai abin da na fahimta shi ne, asalin irin waɗannan abubuwa halacci ne, ba a kuma kiran mutum almubazzari don ya sayi abin da yake faranta masa rai da halaliyarsa, matuƙar bai tauye haƙƙin kowa ba, daga nafaƙar iyali zuwa zakka da bashi da zumuncin waɗanda suke sauraron saƙonsa a ƙarshen wata. Kakanninmu sun yi kiwon dawakin da ba noma suke yi ba, ba fatauci ba, sai hawan Salla da kilisar yamma, ba mu kuwa ji malamin da ya haramta musu ba. Sai dai su sun san abin da mu muke neman mancewa, cewa kuɗin sayen doki shi ne mafi ƙanƙantar abin da doki zai ci, domin akwai harawa da dusa da kanwa, akwai barga da mai kula da ita, dokin da aka bari a turke aka daina motsa shi kuwa lalacewa yake yi. Mutumin da ya sayi doki ya bar shi ya rame, shi ake yi da shi a gari, ba wanda yake tafiya a ƙasa ba. A nan israfin yake, wato mutum ya sayi abin da ba shi da halin riƙe shi, ko ba shi da haƙurin yi masa hidima, don kawai a gan shi da shi sau biyu a bakin masallaci, daga nan ya bar shi yana ruɓewa a gefen titi.

Wahalar tana somawa tun motar ba ta taka ƙasar Ingila ba, saboda galibi a intanet ake ganin ta, cikin hotunan da aka ɗauka da hantsi bayan an wanke ta an shafe ta da mai. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya, waɗanda muka gaji littattafansu a zaure irin su Risala da Muhtasar, sun yi dogon bayani a kan sayen abin da ba ya halarce, suka halatta shi bisa siffantawa, da sharaɗin cewa idan kayan ya zo ya saɓa wa siffar da aka bayar mai saye yana da zaɓin mayarwa, suka kuma buɗe babi a kan aibin da mai sayarwa ya ɓoye. Hukunci ne mai adalci ƙwarai. Amma wa zai zartar da shi tsakanin mutumin Cheetham Hill da dillalin da ke wani ƙauye a kudancin Faransa, bayan kuɗi sun fita, mota kuma ta hau jirgi? Saboda haka maganin gararu a nan bai wuce mutum ya taka da ƙafarsa ba, ko ya biya ƙwararren da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya bi jikinta da mayen ƙarfe, domin inda mayen ya ƙi kamawa, to an cike rami ne an lulluɓe da fenti. Injin da ya gaji ana iya sabunta shi a kan kuɗin da za a iya ƙiyastawa tun da farko. Gangar jikin da tsatsa ta ci daga ciki kuwa, mai walda ba ya sanin iyakar ɓarnar sai ya fara yanka, idan ya fara kuma babu komawa. Wannan ne ya sa Turawan Ingila suke bin sawun motocin MG da Triumph da Jaguar da iyayensu suka sayar wa Amurkawa, suna dawo da su daga California da Arizona, inda busasshiyar iska ta kiyaye ƙarfensu. Motar da aka ɗauko daga Kano ko Maraɗi ita ma ta tsira daga laima, amma ta sha rana da ƙura da ramuka da lodin da ya wuce ƙima, an kuma yi mata dashen kayan motoci iri-iri har ba a san wanne ne nata na asali ba.

Idan ta iso tashar jirgin ruwa sai a shiga babin takardu, wanda Bature ba ya wasa da shi. Wajibi ne a sanar da hukumar haraji ta HMRC cikin kwana 14 da shigowar motar, ta wani tsari da suke kira NOVA. Motar da ta kai shekara 30, tana nan bisa ƙirarta ta asali, an kuma daina ƙera irinta, ana iya karɓar ta a matsayin kayan tarihi, a yafe mata kuɗin fito, a biya harajin VAT kashi 5 cikin ɗari maimakon kashi 20. Tun farkon 2021 kuwa, da Birtaniya ta kammala fita daga Tarayyar Turai, motar da aka ɗauko daga Faransa ko Jamus ita ma ta wannan ƙofa take bi. Daga nan sai hukumar DVLA da ke Swansea, wadda take neman hujjar shekarar da aka ƙera motar kafin ta ba da lamba da takardar mallaka, a kan kuɗin rajista fam 55, idan kuma takardun asali sun ɓace sai an nemi shaida daga kamfanin da ya ƙera ta ko daga ƙungiyar masu irinta. A nan ne motar gida take shan wuya, don mun san yadda takardun mota suke a wurinmu idan ta ratsa hannu huɗu ko biyar.

Akwai kuma wani rami da mai gaggawa yake faɗawa, shi ne ya ɗauka shekara 30 ta kwastan ita ce ta kowa. Ba haka ba ne. Motar da ta haura shekara 40 ce ake yafe wa harajin hanya, shi ma sai mai ita ya nemi a sa ta cikin ajin motocin tarihi, ita ce kuma tun watan Mayu na 2018 aka ɗauke wa gwajin MOT na shekara-shekara, idan ba a yi mata babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka gabata. Mutumin Bamingam ya fi kowa buƙatar ya gane wannan bambanci, domin tun watan Yuni na 2021 birnin ya keɓe tsakiyarsa, duk abin da ke cikin zoben titin Middleway, ya sa cajin fam 8 kowace rana a kan motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba, amma ya togace motocin da ke ajin tarihi. Ka ga ke nan mai Marsandi ta 1980 yana ratsa tsakiyar birni kyauta, alhali mai V-Boot ta 1993, wadda injinta ya fi na waccan tsabta, sai ya biya duk ranar da ya shiga. Hikimar wannan kuwa sai waɗanda suka tsara dokar. A Mancesta an yi shirin irin wannan yanki a 2022, aka dakatar, har yau kuma ba a cajin motar gida a can. Wanda ya ɗauko 504 ta Kaduna ya lura, mafi yawan waɗanda suka rage da ƙwarinsu na ƙarshe-ƙarshe ne, ba su kai arba'in ba tukuna.

Duk wannan takardu ne, ana yin su a gama. Abin da ba a gamawa da shi shi ne tsatsa, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan dakata. Ruwan saman Mancesta ya zama abin ba'a har a tsakanin Turawa, ba shi da damina ba shi da rani; da sanyi ya kama kuwa sai hukumomi su fito da manyan motoci suna watsa gishiri a kan tituna don kada ƙanƙara ta daskare, akasarinsa daga mahaƙar Winsford da ke Cheshire, ba nisa da birnin. Wannan ruwan gishiri shi taya take fesawa cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota, ya maƙale a inda ido ba ya kaiwa, ya yi ta cin ƙarfe dare da rana, motocin shekarun 1960 da 1970 kuwa ba a yi musu kariyar da ake yi wa na yanzu ba. Sa'an nan gidajen da yawancinmu muke zaune a Longsight da Cheetham Hill, ko Small Heath da Sparkbrook, jerin gidaje ne manne da juna waɗanda aka gina wa ma'aikatan masana'antu tun kafin talaka ya yi mafarkin mota, ba su da gareji, ba su da ko filin ajiyewa sai bakin titi. Tamfol ba magani ba ne, don laima yake tarawa a ƙarƙashinsa, iska kuma tana kaɗa shi yana goge fenti. Wanda ya sayi motar da ta yi shekara arba'in tana hutawa a busasshen gareji a Sifen, ya kawo ta ya ajiye a gefen titin Mancesta, yana iya ɓata cikin hunturu biyu abin da wani ya kiyaye tsawon rayuwarsa. Don haka, a ganina, tambayar da ya kamata ta riga tambayar farashi ita ce, ina za ta kwana? Wanda ba shi da amsa, ko kuwa bai lissafa kuɗin hayar gareji na wata-wata cikin kasafinsa ba, gara ya haƙura ya riƙa kallon ta a hoto.

Fetur ɗin ma ba irin wanda motar ta sani ba ne. A farkon shekarar 2000 aka daina sayar da fetur mai darma a gidajen man Birtaniya, alhali waɗansu tsofaffin injuna sun dogara da darmar nan wajen kare mazaunin bawul, don haka sai an riƙa ɗiga wani sinadari a tanki ko a sauya mazaunin gaba ɗaya. A watan Satumba na 2021 kuma aka mayar da fetur na yau da kullum ya zama E10, mai ɗauke da etanol har kashi 10, wanda yake cin tsohuwar roba, ya jawo ruwa cikin tanki idan ya daɗe a ajiye. Mai tsohuwar mota sai ya nemi E5 mai tsada, ya kuma sauya tiyon mai tun bai tsage ba, don ɗigar fetur a kan inji mai zafi ba abin wasa ba ne. Ajiyar ma kanta cuta ce: birki yakan kama, batir ya mutu, taya ta tsattsage ko da zanenta bai goge ba. Binciken da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu motocin tarihi ta Birtaniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa akwai irin waɗannan ababen hawa wajen miliyan ɗaya da rabi a ƙasar, kowanne kuma a tsakaice bai wuce tafiyar mil 1,200 a shekara ba. Tafiya ce kaɗan, amma ita take hana su mutuwa. Ɗigon baƙin mai a ƙasan gareji kuwa kada ya ɗaga wa kowa hankali, wanda ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa.

Ranar da ta ƙi tashi ne Bahaushe yake gane ni'imar da ya baro a gida. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna akwai bakaniken da zai kasa kunne ga ƙarar inji ya gaya maka ciwonsa tun ba a buɗe ba, ya kwance kafireto ya wanke ya mayar kafin ka gama shan shayi, idan ƙarfen ya ɓace a kasuwa ya sa a ƙera masa wani, ladansa kuma abin da ya sawwaƙa. A Ingila aikin hannu da awa ake sayar da shi, yaron da ke garejin unguwa kuwa an horar da shi ne ya jona kwamfuta ta gaya masa abin da ya lalace, motar 1975 ko ba ta da inda za a jona kome. Ƙwararrun da suka san ta 'yan kaɗan ne, galibi dattawa, layinsu kuma yakan kai watanni. Saboda haka babu makawa mai motar ya koyi abin da zai iya da hannunsa, kamar juye baƙin mai da sauya fulogi da sa giris da duba ruwan lagireto. To, a nan ne nake ganin ɗabi'armu za ta ba mu wahala, mu 'yan boko, domin mun tashi da ganin cewa riƙe sufana aikin wanda bai yi karatu ba ne, mai digiri kuwa tsayawa yake yi a inuwa yana ba da umarni. Wanda ya je babban baje-kolin tsofaffin motoci da ake yi kowane watan Nuwamba a dandalin NEC da ke gefen Bamingam, zai ga dattijon da ya yi ritaya daga babban muƙami yana alfahari da cewa shi ya kwance injinsa da kansa, zai kuma ga cewa ainihin jarin waɗannan mutane ƙungiyoyinsu ne, inda wani yake ba wani aron kayan aiki da littafin gyara da sunan mai waldar da ba ya ha'inci. Ɗan'uwanmu da ya sayi irin wannan mota ya ƙi shiga cikinsu don jin nauyi ko girman kai, ya yanke wa kansa rabin amfaninta.

Batun kayan gyara ya danganta da irin motar. Mai Mini ko MGB yana cikin wadata, don kamfanin British Motor Heritage da ke Witney har yanzu yana buga musu sabuwar gangar jiki da injunan bugu na asali, mai Landiroba a Bamingam kuwa yana zaune ne kusa da garinta, tun da a Solihull aka fara ƙera ta a 1948. Mai 504 shi ne maraya, saboda waɗanda suka tsira daga tsatsar Ingila da yawansu 'yan kasuwa sun kwashe sun kai Afirka tun da daɗewa. Sai ya aika Faransa, ko kuwa ya roƙi wani ɗan'uwa mai zuwa daga Kano ya saƙo masa a akwati, ya kuma yi addu'ar kada a haɗa shi da jabu.

Akwai sassauci guda da nake da ja a kansa, shi ne ɗauke gwajin MOT. Doka ta yafe gwajin, amma ba ta yafe wa mai mota wajibcin kiyaye lafiyarta ba, shari'a kuwa ta sa kiyaye rai cikin manyan laruran da ta zo don ta tsare. Mutum ba ya ganin aibin abin da yake ƙauna, kuɗin gwajin kuma bai kai fam 55 ba. Me zai hana ya kai ta da kansa, wani ido dabam ya duba birki da sitiyari? Motar wancan zamani ba ta da jakar iska, birkinta ba ya tsayawa kamar na yau, waɗansu ma ba su da bel a kujerar baya, dokar ƙasar kuwa ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 3 ba a motar da ba ta da bel. Idan sitiyarinta yana hagu, kamar akasarin waɗanda suka fito daga Faransa ko Jamus ko Amurka ko Najeriya, sai an gyara fitilunta don kada su kashe idon mai tahowa, direba kuma ba ya hangen gabansa sosai idan zai wuce babbar mota. Fasinjan da ya shiga, amana ne a wuyan mai tuƙi.

Waɗansu sukan lallashi kansu, ko su lallashi uwargida, da cewa ai jari ne, farashinta hawa yake yi. Gaskiya ne akwai motoci ƙalilan da suka yi tashin gwauron zabo, amma ba su ne waɗanda irinmu muke saya ba, wanda kuma ya tara rasiɗin gareji da inshora da gyara na shekara goma ya cire daga abin da ya sayar, da wuya ya ga riba. Niyyar ma tana da hukunci. Motar da aka saya don hawa da jin daɗi babu zakka a kanta. Wadda aka saya da niyyar tijara, ana jiran kasuwa ta yi kyau, ta zama hajar kasuwanci, a Malikiyya kuwa mai irin wannan jira yana fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar. Bai kamata mutum ya ce wa iyalinsa jari ce, ya ce wa malamin zakka abin hawa ce ba.

Wanda ya je Longbridge a kudancin Bamingam yau zai tarar da kantuna da gidaje da kwaleji a inda Herbert Austin ya kafa masana'antarsa a 1905, inda aka ƙera Mini daga 1959 har zuwa 2000, inda kuma kamfanin MG Rover ya durƙushe a watan Afrilu na 2005, ma'aikata wajen 6,000 suka rasa aiki. Masana'anta ta mutu, amma motocinta suna nan da rai, tarihinsu yana ajiye a gidan tarihin motoci na Gaydon, inda mutum zai iya aikawa da lambar motarsa a binciko masa ranar da ta fito daga masana'anta. Mu ma mun yi tamu: a 1975 kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, 504 kuwa, wadda ta fito a Faransa a 1968, ta ci gaba da fitowa daga can har bayan shekara ta 2000, tun Faransawa sun daɗe da barin ta. Ita ta kai gwamna ofis, ita ta kai amarya ɗaki, ita ta yi jigila daga Kano zuwa Legas, amma mun bar akasarinsu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan ana auna su a sikeli. A nan nake ganin sha'awar 'yan'uwanmu na Ingila za ta iya zama maslaha ta gaske, idan wanda ya koyi yadda Bature yake adana mota da takardunta ya mayar da wannan ilmi gida, ya nemi lafiyayyar 504 ta Kaduna ya ajiye ta a Kaduna, inda babu gishiri a titi, inda kuma bakaniken da ya san ta yake raye yana neman almajiri. Sau da yawa wannan ya fi ɗauko ta zuwa Mancesta hankali da araha. Akasin haka, wato kai motar Ingila gida, shi ma yana da wuya, don tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motar Ingila mai sitiyari a dama ba ta samun karɓuwa a can, kwastan kuma ta ƙayyade shekarun tsohuwar motar da za a shigar. Wanda yake da niyyar komawa gida idan ya yi ritaya ya san cewa mai yiwuwa ne a nan zai bar ta.

Idan kuwa ajali ya riske shi tana hannunsa, ta shiga cikin gado, magadan kuma galibi yara ne da aka haifa a Ingila, waɗanda 504 ba ta tuna musu kowa, ba su san darajarta ba balle inda ake sayar da ita, dillali na farko da ya ƙwanƙwasa ƙofa zai iya ɗauke ta a rabin kuɗi. A wannan kasuwa kuwa fayil ɗin takardu yana ƙara wa mota ƙima ƙwarai: takardar kwastan, da ta DVLA, da kowane rasiɗi na gyara da kwanan watansa, da hotunan aikin walda kafin a shafa fenti. Ya kamata mai motar ya tara su wuri guda tun ranar farko, ya rubuta ƙimar da suka daidaita a kai da kamfanin inshora, ya kuma ambata cikin wasiyyarsa sunan ƙungiyar da za a tuntuɓa idan an tashi sayarwa, domin a raba wa marayu haƙƙinsu cikakke.